Gidan da Bahago Ya Ƙera wa Agogo

Bahago maƙerin azurfa ne a Agadas, kuma duk unguwar maƙera an san shi da abu biyu: hannun hagu mai albarka da kunnen ƙashi. In ka kawo masa aikin da wani ya ɓata, sai ya gama zagin mai aikin tas kafin ya hura wuta. Gwanintarsa ita ce kwaɗon jakar raƙumi irin na Abzinawa, wanda in ba ka san inda ake dannawa ba, sai ka wuni kana juya shi bai buɗe ba.

A shekarar da Abzinawa suka kewaye sansanin Nasara, wani mayaƙi mai suna Alkasum ya shigo rumfarsa, ya kwance bakin rawani, ya zazzage wani abu a kan buzu. Hanjin agogo ne, ba gida, ga allurai da ƴan ƙusoshi a warwatse. A jikin wani hafsan Nasara da suka kashe a hanya ya ciro shi. Takobi ta lotsa gidan, sai ya yar. Har lokacin akwai busasshen jini a farar fuskar.

"Maƙeri, me wannan zai kawo?" in ji Alkasum.

"Haka tsirara? Ko kwandon albasar Tabelot ba za a ba ka ba. Amma in an yi masa gida, raƙumi ne."

Habsa matarsa tana bayan zana tana ji. Da baƙon ya fita ta ce, "Maigida, don Allah ka narke shi ka yi masa zobe. Kayan matacce ne, kuma Nasara ba sa mance nasu."

"Ke Habsa, ba a narke abu mai rai."

Ashe ya riga ya taɓa wata ƴar ƙafa mai juyawa a cikin agogon da bakin allura, ta yi rawa, ta ce ƙyas-ƙyas. Daga nan hankalinsa ya tafi. Ya bar aikin kowa, ya mai da kowace ƙusa raminta, ya ƙera gidan azurfa mai zane, ya sa masa murfi da ɓoyayyen madanni irin na kwaɗonsa. Alamarsa ce kawai bai buga a baya ba, nan kaɗai ya ji maganar matarsa. Alkasum ya rataya agogo a wuya ya koma wajen yaƙi.

Sai Nasara suka taso daga Damagaram da rundunar da gari bai taɓa gani ba. Abzinawa suka janye cikin duwatsu, fushin ya sauka a kan mutanen gari. Aka fasa ƙofofi, aka sassare malamai, gawa a kowane lungu har ungulu suka ƙoshi. Cikin gawarwakin aka ga Alkasum, da agogo a wuyansa.

Da rana tsaka aka tattaro maƙera, aka durƙusar da su a fili, matansu na kallo daga nesa. Wani sarzan ya ɗaga agogon, mai fassara ya ce, "Fuskar ta hafsanmu ce. Wa ya yi gidan?"

Kowa ya san hannun Bahago, amma ba wanda ya nuna shi. Aka jawo tsoho Illo, maƙwabcinsa, wanda ya koya masa riƙon guduma. Suka farfasa masa yatsu da gindin bindiga, ɗaya bayan ɗaya. Illo ya yi ta salati, bai kalli kowa ba. Aka soke shi a ciki, ya kife. Bahago na durƙushe kusa da shi, jinin ya jiƙa masa gwiwa, bakinsa a rufe. Tsoro ne, kuma ba ni da bakin zaginsa a kan wannan.

Sarzan ya so ganin ciki. Ya sa farce, ya sa bakin wuƙa, murfi ya ƙi. Ya yi ashar da yarensu, ya aza agogon a kan dutse, ya ɗaga gindin bindiga.

"Kai, ba haka ba!" Bahago ya daka tsawa. "Danna kunnen hagu ka ja ƙasa!"

Mai fassara ya faɗa, sarzan ya danna, murfi ya buɗe sumul. Ya dubi aikin, ya gyaɗa kai, ya sa agogon a aljihu. Sannan ya harbi Bahago a fuska.

Matar Illo tana wurin. Ta ga abin da bai buɗe bakin Bahago ba, ta kuma ji abin da ya buɗe shi. Habsa ta rayu shekaru da yawa, katanga ɗaya tsakaninta da matar Illo, kullum safe tana gaishe ta. Har matar ta mutu ba ta amsa ba.