Matar da Ta Fito Ganin Teku

Motar da ke zagayawa da fasinjoji masu jiran canjin jirgi ta sauke mu a bakin teku. Kowa na ɗaga waya yana washe baki kamar an biya shi, ban da wata mata.

Ba za ta kai hamsin ba. Mayafinta ya yamutse irin na wadda ta daɗe tana kwana a kujera. Agogon maza ne a hannunta, ya yi mata yawa, tana tura shi sama yana zamewa. Ta rungume wata babbar ambulan, irin wadda asibiti ke saka hoton ƙirji a ciki. Ina jin jinya ta kai wata ƙasa, yanzu gida ta nufa.

Ba ta ɗaukar hoto. Ta cire takalmi, ta taka har inda ruwa ke lasar ƙafarta, ta tsaya ƙyam.

Direba ya gaji da danna hon, ya sauko.

"Baiwar Allah, lokaci fa ya tafi. Ba mai jiranki a filin jirgi?"

"Maigidana," in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba. "Da za mu tafi ya ce in ya warke, a dawowa zai fito da ni in ga teku."

"To ai da kin taho da shi."

"Yana wajen kaya, cikin akwati. Ba sa bari."

Direba ya koma mota, ya kashe injin.