Sistar da ta hana mu rufe shagon Yaya

Ƙarfe bakwai take isowa asibiti, kafin likita, kafin mai shara. Da zuwanta sai ta naɗe abin goge ƙafa na bakin ƙofa, kada ya kayar mata da mutane. Sannan ta jera bencuna a jikin bango, yadda mai tangaɗi zai samu abin dafawa har ɗakin likita. Shekara ashirin da shida Sista tana haka a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Yayana tela ne, kuma ya gaji ciwon mahaifinmu: ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta wajen ƙeya ce ke lalacewa a hankali, tafiya ta koma tangaɗi, harshe ya yi nauyi. Wannan mun san shi. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ranar da ya ɗora wuyan riga kafin ya haɗa kafaɗa, mutumin da ya shekara talatin a kan keke. A ce masa, "Tashi ka sha magani ka sa takalmi," sai ya miƙe ya tsaya yana kallon mutum. Matarsa ta ce raini ne. Ni kuwa, da yake ni ne mai digiri a gidan, na yanke cewa taurin kai ne, na tara dangi a kan a rufe shago.

Da na kai shi asibiti na jero masa abubuwan da zai yi, ya tsaya yana kallona, sai na shaida wa Sista hukuncina, har da gyara zama. Ta dube ni ta saman gilashi.

"Malam, umarni nawa ka ba shi yanzu a gabana?"

"Ɗaya."

"Huɗu. Ni da lafiyata ma biyu na riƙe."

Ta ce ga wasu ciwon ba ya tsayawa a ƙafa da harshe. Yakan taɓa tsara aiki, wanne ne farko, wanne ke biye, da lalubo kalmar da mutum ya sani sarai. Sanin ɗinkin yana nan, jerin ne ya wargaje.

Ranar hutunta ta zo shagon. Ta kashe rediyo. Ta sa aka kafa ƙusa biyar a bango, kowane yankin tufa a tasa ƙusar, bi da bi. Yanka ya koma hannun matarsa, tunda almakashi ba ya shiri da hannu mai rawa.

"Maigida, ƙusa ta farko kawai. Sauran ba naka ba ne tukuna."

Yaya ya daɗe yana neman magana. Ta jira. Da mu ne, da mun ƙarasa masa tuni.

"Wannan... ƙanen nawa fa? Ƙusa ta nawa?"

"Shi a waje za mu rataye shi."

Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Bai warke ba, ba ta kuma taɓa ce mana zai warke ba. Yanzu labule da zanen gado yake ɗinkawa, amma shagon a buɗe yake, kuma maƙwabta tela suke kiransa, ba marar lafiya ba.

Sista, ke ce mai jiran magana har ta fito. Ke ce kika hana mu ƙwace wa mutum sana'arsa da sunan tausayi. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ki huta lafiya.

Mai irin wannan majinyaci a gida, kafin ka ce taurin kai ne, faɗi abu ɗaya, ka yi shiru, ka jira. Na gwada da safen nan: na je shagon da maganganu cike da baki, na tarar yana tsakiyar ɗinki. Na samu kujera na zauna har ya kai ƙarshen layi.