Ni Gurza, Hajara Shiɓa

A gidanmu na garin Ƙofa, da an gama cirar auduga sai hira ta koma ɗakin Kaka. Wuta na can bakin ƙofa don kada tartsatsi ya faɗa wa auduga, mu muna ƙurya, kowa da aikinsa. Ni gurza aka ba ni: in ɗora auduga a kan dutse, in yi ta murzawa da ƙarfe har gurya ta fita. Hajara, 'yar baffana, ita ke riƙe bakan shiɓa, gwiwarta na gugar ta Kaka, tana taɓa tsirkiya auduga na tashi da laushi. "Hannun Hajara akwai sanyi," in ji Kaka kullum. Nawa hannun da ya yi kanta ba a taɓa ambatonsa ba. Kishi ya ci ni, har ƙarar bakan nan na tsana.

Ran nan na ture dutsen na kumbura baki. Kaka ta dube ni ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, tatsuniyar yau ta masu fushi ce."

Wai Auduga da Gurya ciki ɗaya suka fito. Aka raba su, aka shiɓe Auduga, aka kaɗa ta, aka saƙa, ta zama riga tana yawon biki. Gurya kuwa aka watsar da ita bayan danga tana kuka. Da ruwa ya sauka sai ta tsiro, ta cika gona da fararen 'ya'ya, riga kuma ta tsufa ta koma tsumma.

Na ce, "Kaka, ai shanu ake ba gurya."

Ta yi dariya har da tari. "Ku ji min ɗiyar nan! To ke mi kike so?"

"Bakan."

"Sai hannunki ya huce."

Har Allah ya yi mata rasuwa ba ta miƙo mini bakan nan ba. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin lallashi kawai, irin wanda ake yi wa yaron da aka hana abu. Sai bara, a wani suna a Kankia, na tsokani Hajara da 'yar lelen Kaka. Take ta ɓata rai.

"Ni? Shekara da shekaru ina mata shiɓa, ba ta taɓa ƙirƙiro tatsuniya don ni ba. Ke rana ɗaya kika kumbura aka yi maki taki, ni kuwa a ciki tsumma na ƙare."

Ashe duk zaman nan ita ma da nata kishin take kwana. Ya kamata in tausaya mata. Wallahi daɗi na ji, har mota ta sauke ni ina murmushi.