Gwangwanin Fim na Norbert Pasko

Ranar Asabar, 22 ga Oktoba 1983, Delores Hruska ta fara ganin Norbert Pasko. Ita ce sakatariyar ƙungiyar masu tara tsofaffin fina-finan barkwanci a Toledo. Shi kuwa tsohon ma'aikacin kamfanin gilashi ne, ya shigo zauren cocin da suke taro rungume da gwangwanin fim.

Fim ɗin na minti goma sha bakwai ne. Masu gyaran famfo biyu sun shiga wani kangon gida, zanen gado ya faɗo wa ɗaya a ka, ɗayan ya zaci fatalwa ce ya rufe shi da duka, ga goggon biri yana leƙowa daga bayan kabad. Norbert ya yi dariya har da hawaye.

"Tsoron ne gishirinsa," ya ce mata. "In gabanki bai faɗi ba, dariyar ba ta fitowa daga ciki."

Delores ta aika wasiƙa goma sha ɗaya ga masu tara fim a garuruwa, tana tambayar ko akwai mai kwafin fim ɗin. Babu mai irinsa, na Norbert kaɗai ya rage. Tun daga nan hankalinta bai kwanta ba.

"Norb, don Allah ka bari a kwafe shi. Mako biyu ne kawai."

"Su sa shi a injinsu su karce min? Haba Dee, ki ci gaba da rubuce-rubucenki."

Sau ɗaya yake haska shi a shekara, cikin Oktoba. Da an gama sai ya liƙe bakin gwangwanin kada iska ta shiga, ya kai shi ɗakin saman rufi inda ke da ɗumi, don gudun danshi. A ganinsa gata yake yi masa. Bai yarda cewa zafi da rufewa su ke cin irin wannan fim ba.

A taron 1991 ya buɗe murfin, warin tsami ya cika zauren. Nan take mutane suka janye gwangwanayensu, domin idan fim ya fara tsami yana shafa wa na kusa da shi.

"Malam, fita da shi waje!" wani ya ce.

"Warin tsufa ne kawai, ni ma ina yi," in ji Norbert.

Zaren fim ɗin ya kanannaɗe, majigi ya ƙi ja. A ranar ya miƙa wa Delores gwangwanin, bai ko dube ta ba. Ta kai wa masu gyaran fim, suka riƙe shi wata uku, minti huɗu kawai suka ceto.

Norbert bai sake zuwa taro ba. Delores ta ziyarce shi sau biyu, bai yi zancen fim ba. Ya rasu ranar 9 ga Maris 1994, yana da shekara saba'in da shida. 'Yarsa ta sayar da gidan ta koma Dayton.