Ƙaramin Kaset a Ɗankwalin Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu can Bakura uwa ba ta haɗa ido da ɗan fari, balle ta zauna hira da shi. Da ya rasu a hatsarin mota, ko kuka ba ta yi a gaban mutane ba. Sai da aka kwana biyu, wata rana na je gaisuwa, ta miƙo mini ƙaramin kaset ƙulle a ɗankwali. Wai ta ji ana zuba irinsu cikin kwamfuta, na walimar dawowar Baba daga Makka ne, in duba ko bai lalace ba. Baba kuwa yana nan da ransa, a zaure ma na baro shi. Na san wanda take so ta gani.

Ranar Talata na shiga kasuwar Mafara wajen masu kayan lantarki, ina ganin abin ba zai wuce sayen waya ɗaya ba. Ina! Na farko ya nuna mini wani kati da ake soka wa kwamfuta kamar filasha, da wayoyi uku a jikinsa, rawaya da fara da ja. Na biyu ya jujjuya kaset ɗin ya rantse dijital ne, wata waya daban yake so, wadda kwamfutocin yanzu ko raminta ba su da shi. Na uku ya ce duk surutu ne, in kunna a talabijin in ɗauka da wayar hannu. Na tambaye shi da me zan kunna, ya ce wannan kuma ni ta shafa. Kaina ya ɗaure tamau. Na sayi katin, don shi kaɗai ne na gani da idona.

Sai a gida na lura katin ba shi da inda ake sa kaset. Haushi ya kama ni, na rasa wa zan zaga. Na koma Bakura na aro tsohuwar bidiyon kawuna, muka kakkaɓe ta, kyankyasai suka watse. Ga baki nan ƙato, ga kaset ɗan mitsitsi, kamar ka jefa ƙwayar gyaɗa a turmi. Wani ya ce akwai babban kaset na wofi da ake kwantar da ƙarami a cikinsa. Na nemo, namu ya ƙi zama. Har na fara dannawa da ƙarfi, matata ta riƙe mini hannu ta ce in na karya shi ni zan je in faɗa wa Inna da bakina.

Duk zuwan da na yi, Inna za ta tambayi aiki, da yara, da zafi, sai na tashi tafiya ta ce, kamar yanzu ta tuna, "Abin nan fa?" Ni kuwa kunya ta ishe ni. In na ce ana kai, sai ta ce ba gaggawa.

Kawu ne ya tuna cewa wanda ya ɗauki walimar mutumin Maradun ne. Na same shi ya koma sayar da taki. Bayan doguwar gaisuwa ya tono kyamarar daga ƙasan akwati, batir ya mutu, caja ɗaure da roba. Na tambaye shi dijital ce ko ba dijital ba, ya ce shi ma bai taɓa sani ba, abin da ya sani kawai kada in taɓa maɓallin nan ja, zai goge komai. Na sa kaset, ya zauna daram. Muka jona rawayar wayar katin, hoto ya fito a kwamfutata yana makyarkyata. Murya kuwa ta ƙi fita ƙememe. Mun sauya fara da ja har muka gaji. Har yau ban san ko laifin kati ne, ko na kyamara, ko nawa ba.

Haka na kai wa Inna, na ajiye kwamfutar a kan tabarma. Baba ne, da manyan baƙi, da farantan abinci, mai ɗaukar ya fi son farantan ma. Inna tana ɓarar gyaɗa tana kallo ta gefen ido. Can sai ga yaya ya gitta da buta a hannu. Wani ya faɗa masa wata magana, ya juyo ya fashe da dariya har yana dafa bango, sannan kyamara ta koma kan baƙi.

Inna ta ture ƙwaryar gyaɗar ta matso.

"Ashe haka shika dariya," ta ce.

Na fara ba ta haƙuri kan muryar, ina bayanin farar waya da ja. Ba ta ko dube ni ba.

"Bari wanga zance. Maido shi baya."