Dabinon Yaya Hajjo

Daga Ringim

Ana idar da sallar asuba na riƙo hannun Yaya Hajjo muka nufi tasha. Ita ce babbar yayata, idanunta sun daɗe da rufewa. Tun da ta ji an gyara tsohon gidanmu na Dutse an mai da shi otal na masu hali, ta ce sai na kai ta ta taɓa dabinonta. Mahaifinmu fatoma ne, mai saukar da fatake, kuma duk ɗan da aka haifa masa, inda aka binne cibiyarsa nan yake dasa dabino. Nata kaɗai ya rage a shekarar da na matsa aka sayar da gidan. Ta ƙi, na fi ta murya. Shi ya sa da ta ce mu tafi ban yi musu ba.

Direba ya ba ta gidan gaba. A Gujungu muka tsaya muka karya da ƙosai da koko. Da ya ji inda za mu sai ya kwashe da dariya.

"Baba, wannan otal ɗin ko ƙudan ciki da katin gayyata yake shiga."

Yaya ta ce, "Kai dai tuƙa, ɗan nan. Ƙuda ba a can aka haife shi ba."

Bayan Jahun akwai shinge. Ɗan sanda ya leƙo, ya ga tsofaffi, ya ce mu sa shi a addu'a. Muka wuce Kiyawa rana ta fara zafi.

Yalwawa

A gidan 'yarta Amina da ke unguwar Yalwawa a Dutse muka sauka, ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka. Amina ta ja ni gefe ta ce, "Kawu, gobe ake bikin buɗe otal ɗin, manya ne za su cika wurin. In aka kore ta a bakin ƙofa fa?" Abin da nake tsoro ke nan tun daga gida, ban dai faɗa ba.

Tsohon gari

Da hantsi muka hau a-daidaita-sahu zuwa gindin duwatsu. Na hango katangar gidan. An yaɓe ta da jar ƙasa, an maido da zankwaye a kan soro, ta fi yadda na san ta kyau. Mai gadi ya tare mu, ya ce sai mai takarda. Na yi bayani, na sake yi. Da ya gaji da ni ya ce mu tsaya a zaure ya kira manaja.

Manajar mace ce, ba ta fi Amina shekaru ba. Ta gaishe mu da ladabi, ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, tun jiya mutum uku suka zo, kowa ya ce gidan kakansa ne."

Tana cikin magana Yaya ta zare hannunta daga nawa. Ta bi bango da tafin hannu har ta sami alkukin da muke ajiye fitila, ta juya dama, ta sunkuya ta shige ƙaramar ƙofar cikin gida. Na bi ta da sauri, goshina ya daki azara, hulata ta faɗi.

Daga ciki ta ce, "Sule, har yanzu? Baba ya ce ya gajarta ta ne don kowa ya shigo gidansa da sunkuyo. Kai kaɗai ka ƙi koya."

Manajar ta ɗauko mini hular tana danne dariya. Ta ce baƙi biyu sun fasa goshi a wurin, har ana shawarar a ɗaga ƙofar. Sannan ta wuce ni ta kama hannun Yaya.

Inda turken jakuna yake an yi wurin wanka mai shuɗin ruwa. Ɗakunan fatake kowanne da na'urar sanyi. Dabinon yana nan a kusurwar gabas, an kewaye shi da fitilu. Yaya ta rungume shi, ta kwantar da kuncinta a jikinsa, ta daɗe.

Da ta ɗago ta ce wa manajar, "'Yata, gidan baƙi ne tun asali, ku riƙe baƙi da kyau. Ƙofar nan kuma ku bar ta yadda take."

Komawa

Washegari muka kamo hanya, muka iso Ringim bayan la'asar. A mota ta laluba goshina ta taɓa ƙulun, ta ce, "Ya isa haka." Ban tambaye ta wanne take nufi ba, ƙulun ko damuwar sayar da gidan da nake ɗauke da ita. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Amina, da yarinyar nan da ta kama hannun yayata.