Kaska a Ƙeyar Rakiya

Duk macen da ta taɓa ɗora kai a cinyar Kulu mai kitso ta san halinta. In tana tsaga gashi ta ga kaska, ba ta raɗa. Da ƙarfi za ta faɗa, ko a gaban surukai ne: "Wance, kaska ce a kanki, zauna daidai." Matan Tudun Wada suka laƙaba mata Kulu-ba-sutura. Har yau in na ji sunan nan a bakin wata raina ɓaci yake, don masu faɗa ba su san komai ba. Kakata ce, ita ta haifi uwata Rakiya, ni kuwa na san abin da ya buɗe mata baki.

Kakannina ba 'yan Zazzau ba ne. Daga wajen Katsina suka zo ita da mijinta Nagoda, shekarun da Turawa suka kawo jirgin ƙasa Zariya, aka ce baƙi su zauna a tudun da ke bayan ganuwa. Lokacin unguwar duk bukkoki ce da danga. Nagoda yana kora shanun fatake zuwa tasha a loda su zuwa Ikko, kafin jirgi ya samu kuwa a bayan gidansa suke kwana. Inda shanu suka kwana, kaska ta sami gari. Ita Kulu kitso take yi, kuma gwana ce a doka, kitson nan mai tudu da ake shafe shi da man shanu, mace ta daɗe ba ta tsefe ba.

Rakiya ce 'yar farinta. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a da uwa kunyar ɗan fari take ji. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kulu ta kai abin maƙura. Ana yaye Rakiya yayar Kulu ta ɗauke ta riƙo, kuma ko sau ɗaya sunan bai taɓa fita daga bakin uwar ba, sai dai "'yar nan". Mata suna yabonta, suna cewa ko Bafillatana sai haka. Ita ma tana jin daɗin yabon, ba ta ɓoye mini ba.

Rakiya ta auri Isiyaku, mai kula da dokin wani Bature. Da ta sami cikina, cikin ya tsufa, aka dawo da ita gidan iyayenta ta haihu, ta yi wankan jego, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ranar da za a mai da ita ɗakinta, uwar mijinta Zinariya ta zo da 'yan'uwanta mata, suka cika tsakar gida. An aika a kira wata mai kitso, sai Zinariya ta ce, "Ga gwana a gida, a nemo wata? Ki yi mata kawai, ba wanda zai ce kin yi rashin kunya."

Kulu ta zauna, Rakiya ta ɗora kai a cinyarta. Tana tsaga gashin ƙeya sai ta ga kaska, ta sha jini ta yi tim kamar ƙwayar wake. Zinariya kuwa tana zaune kusa, macen da ko ƙuda ya sauka a ƙwarya sai ta ba da labarinsa a bakin rijiya. Kulu ta san me za a ce: an bar mai jego tana kwana da shanu, gidan ƙazamai. Ta sa farce ta matse kaskar, ta murɗe, ta fizge. Cikin ya fashe a yatsunta, kan ya tsaya a fata. Rakiya ta ɗan zabura, uwar ta danna mata kai, ta goge hannu a zane, ta kitse gashi a kan wurin, ta laɓta mai. Kowa ya yaba dokar. Aka tafi da mai jego da guɗa.

Ba a daɗe ba labari ya zo cewa masassara ta kama Rakiya, ga ciwon kai kamar ana sara. Gidan miji suka ce sanyin jego ne, wankan bai ratsa ta ba. Aka dafa ganye, aka yi turare, aka karɓo rubutu. Zazzaɓin ya sauka, ya sake dawowa da ƙarfinsa. Duk mai zuwa dubiya da irin nasa hasashen, amma ba mai cewa a duba kai, don wa zai tsefe sabuwar doka?

Mutum ɗaya ce ta san abin da ke ƙarƙashin kitson, tana gida tana daka. In an ce mata, "'Yarki fa jikin ya yi zafi," sai ta kau da kai ta ce, "Allah ya sauwaƙe," mata su ce kai, Kulu akwai kunya. Ta gaya mini da bakinta, tana tsohuwa, cewa rabin shirun nan ba kunyar 'yar fari ba ce, tsoron bakin Zinariya ne, ta fake da al'ada. Abinci ya daina shigarta. In ta duba babban yatsanta sai ta ga kamar jinin bai fita ba.

Ranar da aka ce Rakiya ta daina gane mutane, da hantsi Kulu ta yar da taɓarya ta fita, ko mayafi ba ta gyara ba. Ta shiga gidan surukai, abin da ba ta taɓa yi ba, ta wuce Zinariya, ta ɗauki kan 'yarta ta ɗora a cinya, ta fara tsefe dokar. A ƙeya aka ga baƙin tabo, kewayensa ya kumbura ya yi ja, ga kaluluwa a wuya.

Ta ce, "Kaska ce. Ni na fizge ta ranar kitso, na rufe na yi shiru."

Isiyaku ya fita ya kira Gwadabe wanzami. Gwadabe ya duba, ya sa matsefata ya ciro ɗan baƙin abin da ya rage, ya wanke wurin da ruwan zafi da sabulun salo. Ya nuna wa Kulu matsefatar ya ce, "Ba a matse ta, ba a murɗe ta, ba a ɗana mata wuta. Daidai bakinta ake kamawa, dab da fata, a ja a hankali har ta saki. Sannan a faɗa wa mai jikin, don in zazzaɓi ya biyo baya a san inda aka dosa." Da ya ga fuskarta sai ya ƙara da cewa, "Ko an cire daidai ciwo yakan zo, Kulu. Allah ne masani."

Ta ce, "Allah ne masani, amma ni ma na sani, na ƙi faɗa."

Isiyaku ya roƙi Baturensa, aka kai Rakiya ɗakin magani, aka ba ta wani magani mai ɗaci. Rakiya ta tashi, sai dai kunnuwanta ba su tashi da ita ba. Wasu suka ce ciwon ne, wasu suka ce maganin ne. Kulu ba ta taɓa shiga gardamar ba, ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Ta sa maƙeri ya ƙera mata matsefata, ta rataya a wuya da igiya, da ita aka same ta ranar da ta rasu. Ta rasa masu kitso da yawa saboda bakinta, ko a jikinta. Zinariya kuwa ta baza labarin har unguwar Hanwa, daidai yadda aka ji tsoro, sai ga shi surutun bai kashe kowa ba. Abin da ya fi cin kakata ke nan.

Na taso ina ganin ba mai taɓa kan uwata sai ita. Uwata tana gane magana in ta kalli bakin mutum, amma mai kitso a bayanka take zama. Kulu tana tsaga, tana duba ƙeya da bayan kunne, tana faɗa a hankali: "Rakiya. Rakiya." Wata rana abin ya ishe ni, na ce, "Inna, ai ba ta jin ki. Ki zagayo gabanta mana ta gani."

Ba ta ɗago ba, hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Na sani, Maijidda. Lokacin da take ji ne ban kira ba."